Miliyan 24 a hannun bakanike: yadda kuɗin caca suka shiga wani gida a Garwa da yadda suka fita

Wannan nazari ya bi sawun wani magidanci a Garwa, hedikwatar yankin Arewa na Kamaru, tun daga lokacin da ya ci sefa miliyan 24 a cacar ƙwallo cikin watan Fabrairun 2022 har zuwa ƙarshen 2024. An sakaya sunansa da na unguwarsa. Alƙaluman daga littafin kawunsa aka ɗauko su, wanda aka buɗe ranar da aka zauna bin diddigin kuɗin, an kuma bar ƙananan canji don lissafin ya fito sarai.

## Kafin kuɗin su zo

Bakaniken babura ne, ɗan shekara 34 a lokacin, da mace ɗaya da 'ya'ya uku. A gidan gado yake zaune, ɗaki biyu nasa, mahaifiyarsa na sashenta, ƙannensa biyu na nasu. A rumfar ubangidansa yake aiki a bakin titi, abin da yake samu a wata kan kai sefa dubu 70, wani watan ya ɗara, wani ya gaza.

Wajen 2018 ya fara caca, da ɗari biyu, da ɗari biyar, a 'yan rumfunan da suka cika bakin kasuwa. A dokar ƙasa ba laifi ba ne, tun 2015 Kamaru ke da dokar da ta tsara wasannin kuɗi da na sa'a. A unguwa ma ba wanda ya ɗauke shi ɗan caca, tunda bai taɓa fasa cefane ba. A Janairun 2022 gasar cin kofin Afirka ta zo har gida. Filin Rumde Ajiya ne ya karɓi rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau, 'yan kallo suka yi ta kwararowa daga Yola da Mubi, kasuwa ta buɗe wa 'yan acaba da masu yi musu gyara. A wannan wata ya ninka abin da yake zubawa.

Akwai hirar da majalisarsu ba ta gajiya da ita, a teburin mai shayi bayan isha'i: idan ka ci babbar, me za ka yi? Kowa da nasa. Ɗan acaba ya ce babura goma zai saya ya raba wa yara, ya kwanta a gida ana kawo masa balas. Tela ya ce Dubai zai nufa ya shigo da shadda da takalma. Mai shayin kansa ya ce shanu zai zuba a Adumri ya koma ƙauye. Akwai wanda kullum amsarsa ɗaya ce, zai kashe waya ya shiga motar Duwala, sai dai a ji labarinsa, kuma shi ake fi yi wa dariya. Amma duk wanda ya buɗe baki da abu ɗaya yake farawa: kai tsohuwa Makka.

Bakaniken ya sha faɗin nasa jerin har abokansa sun haddace. Gida, hajji shi da mahaifiyarsa, mota, ƙarin aure, sai shagon kayan babur. Da kuɗin suka zo, haka ya yanka su a bayan kwalin sigari: gida miliyan 10, hajji miliyan 6, mota miliyan 4, aure miliyan 2, shago miliyan 2. Lissafin ya cika 24 cif. Babu layin cefane a ciki, babu layin jama'a.

## Fabrairu 2022: tikitin ɗari biyar

Wasanni 15 na ƙasashen Turai ya haɗa a tikiti ɗaya na sefa 500, duka suka zo yadda ya zaɓa. Biyan ya ɗauki kwanaki, sai da ya kai katin ɗan ƙasa, ya kuma buɗe asusun banki, wanda bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Idan aka auna da abin da yake samu a rumfa, kuɗin sun haura aikin shekara 28.

Ya so ya ɓoye. Yaron rumfar cacar ne ya ɗauki hoton tikitin ya sa a WhatsApp, kafin kwana biyu magana ta zaga unguwa, ta kai Pitowa wajen dangin matarsa, kuma a bakin mutane miliyan 24 ta zama 50. A makon farko ya sallami ubangidansa, ya ce zai huta kafin ya buɗe nasa wurin.

## Makonni shida na farko

Zauren gidan ya koma kamar na mai unguwa. Mai matar da za a yi wa tiyata, mai kuɗin makaranta, mai haya, abokin firamare, ɗan ƙanwar kishiyar goggo. Cikin mako shida ya ba da kyautar miliyan 1.2, ya kuma ba da rancen miliyan 2 ga mutum 23, babu takarda ko ɗaya, babu shaida. Da yawa daga masu rancen da daddare suke zuwa, kuma a cikinsu akwai waɗanda da rana suke cewa kuɗin ƙazanta ne. Kansa da gidansa ya kashe wa miliyan 1.3: sabon babur, babbar waya, talabijin, firiji, atamfofi, gado.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Ranar da ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce mata bana za ta sauke farali, ba ta ɗago kai daga tsince wake ba.

"Da wane kuɗi?"

"Inna, Allah ne ya kawo."

"Allah ya kawo maka jarrabawa dai. Ɗakin Allah ba a zuwa masa da wannan. Ni ƙosaina ya ishe ni."

Washegari ta sa aka kafa mata murhu a ƙofar ɗakinta, ta raba tukunya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta daina amsa gaisuwarsa ba, abincin gidansa ne kawai ta daina ci. Idan jikokinta suka shigo mata da wani abu a hannu, sai ta tambayi wa ya saya. Da azumi ya kama a farkon Afrilu, ya aika mata buhun shinkafa da na sukari da katan ɗin madara, ta sa almajiri ya mayar. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san nauyin wannan. Uwa ta raba tukunya da ɗanta a gida ɗaya, a idon surukai da maƙwabta, ya fi zagi ciwo.

Limamin unguwa ma ya mayar da dubu 500 da ya kai don gyaran rufin masallaci. Ya karanta masa ayar Suratul Ma'ida da ta jera caca tare da giya a cikin aikin Shaiɗan, ya tuna masa hadisin da ke cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Da haka layin hajji ya faɗi, miliyan 6 suka zauna a banki ba su da suna.

Ya gwada guje wa masu roƙo ta hanyar tafiya Ngaundere na mako biyu. Waya ta bi shi can, ya dawo ya tarar da sababbi. Dangi kuma hankalinsu ya tashi da jita-jitar miliyan 50, don a yankin da aka san ana sace mutane domin kuɗin fansa, musamman wajajen Mayo Rai, irin wannan suna ba abin so ba ne. A ƙarshen Maris saura miliyan 19.5.

## Afrilu zuwa Yuni: fili

Wani dillali, abokin abokinsa, ya nuna masa fili a bayan gari. An yi ciniki a miliyan 3, aka biya a hannu, aka ba shi takarda mai hatimin jauro, wato mai unguwa, da sa hannun shaidu biyu. Ya zuba yashi, ya sa aka buga bulo, aka haƙa harsashi, gini ya kai taga. Miliyan 2.5 suka shiga ƙasa.

A watan Yuni wani ma'aikaci da ke zaune a Yawunde ya zo da takardar mallaka ta gwamnati, mai lamba da taswira, wadda ta haɗa da wannan filin da na maƙwabta biyu. A Kamaru, tun dokar filaye ta 1974, wannan takarda ce hujjar mallaka a gaban hukuma, kuma sayar da fili mai takarda sai a gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki. Takardar jauro shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta mayar da fili naka ba. Tsofaffin unguwa duk sun san wannan, amma bai tambayi kowa ba, don a lokacin duk wanda ya matso kusa da shi yana ganin roƙo ya kawo shi. Aka tsayar da gini. Dillali ya ɓace na wata biyu, wanda ya sayar ya ce shi ma gado ya ci. Saura miliyan 14.

## Mota

Nan ba abin dogon bayani. Ya sayi tsohuwar mota a miliyan 4, ya ce za ta riƙa jigila tsakanin Garwa da Gidar ta ciyar da gida, ya damƙa wa wani abokin majalisa tuƙi. Balas ya zo daidai a mako uku na farko, daga nan sai labarin taya, da na jami'an hanya, da na fasinja babu. Injin ya buga a cikin damina. Shi da zai gane ciwon babur daga jin ƙararsa, a kan mota sai abin da aka gaya masa. Gyara ya ci dubu 700, a watan Oktoba aka sayar da ita miliyan 1.8. Maganar ƙarin aure ta mutu da kanta, iyayen yarinyar suka ce a dakata.

## Yuli zuwa Disamba: komawa ruwa

Daga Fabrairu zuwa Yuni bai buga caca ko sau ɗaya ba. Mako biyu bayan an tsayar da gini ya koma, kuma ba rumfa ya koma ba. Babbar wayar da ya saya ta ishe shi: daga banki zuwa asusun waya, daga asusun waya zuwa manhajar caca, yana kwance a ɗaki, ba wanda ya gan shi. Niyyarsa, a cewarsa, ya maido da miliyan 5.5 na fili ya tsaya.

Yana da kyau a fahimci abin da yake fafatawa da shi. Kamfanin caca na cire rabonsa a cikin farashin kowane wasa. A ɗauka rabon nan 6 ne cikin 100. Wanda ya haɗa wasa 15 a tikiti ɗaya, sau 15 ake yankar wannan rabo, ɗaya a kan ɗaya, har abin da ke komawa hannun masu irin wannan tikiti, idan aka haɗa su gaba ɗaya, bai wuce 40 cikin kowace 100 da suka zuba ba. Miliyan 24 ɗinsa daga aljihun dubban masu ɗari biyar suka fito. Da ya ga dogon tikiti ba ya ci, sai ya koma zuba manyan kuɗi a kan wasa ɗaya ko biyu da kowa ke cewa tabbas ne, inda riba kaɗan ce, asara kuwa duka.

Sau uku ya yi yunƙurin dainawa. A watan Agusta ya dafa Alƙur'ani shi kaɗai a ɗaki, rantsuwar ta yi kwana tara. A Satumba ya ba matarsa katin banki ya ce ko ya roƙa kada ta ba shi. Ranar ta uku ya ce za a biya mai bulo, ta miƙa masa, don ba ta ga yadda za ta hana miji kuɗinsa ba. A Oktoba ya goge manhajar, ya sake saukar da ita a daren wasan Turai na gaba.

Gasar cin kofin duniya ta Katar ce ta ƙarasa shi. Ranar 22 ga Nuwamba ya zuba miliyan 1 a kan Ajantina za ta ci Saudiyya. Ajantina ta shigo gasar da wasa 36 a jere ba a doke ta ba, ribar da zai samu ma ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya zuba ba. Messi ya ci fanareti da wuri, aka dawo hutun rabin lokaci Saudiyya ta zura biyu. Ranar 2 ga Disamba ya sa dubu 600 a kan Brazil za ta ci Kamaru. Vincent Aboubakar, wanda ya taso a Coton Sport ta Garwa, ya sa ƙwallo da ka ana dab da tashi. Gari ya ɗauki ihu da hon ɗin babura, shi kuwa ya kulle kansa a ɗaki har azahar ɗin washegari.

Caca ta ci miliyan 4.1 cikin wata biyar. Cefane da hidimar gida na wata goma ba aiki sun ci miliyan 1.5. Saura miliyan 5.5.

## Disamba 2022: zaman kawu

Matarsa ce ta je ta durƙusa wa surukarta ta faɗi abin da take gani. Tsohuwar ba ta kira shi ba. Aikawa ta yi Gidar a kira ƙanenta, ɗan kasuwar hatsi da albasa, mutumin da bai taɓa neman ko sisi a cikin kuɗin ba.

Kawun bai yi wa'azi ba. Littafi ya saya na 'yan makaranta, ya sa aka karɓo takardar shige da ficen kuɗi daga banki, suka kwana biyu suna bi layi-layi. Bakaniken ya ɗauka yana da wajen miliyan 9. Da aka ja layi a ƙasa aka rubuta 5.5, sai ya nemi a sake ƙirgawa.

"Ɗana, ko sau goma za mu ƙirga, ba za su haihu ba. Yanzu faɗa mini, kai ke riƙe da su ko su ke riƙe da kai?"

"Kawu, duk yadda ka yi daidai ne."

Abu uku aka yi a wannan mako. An mayar da kuɗin wani asusu da ba ya fitar da ko sisi sai da sa hannun su biyun, ba kati, ba haɗi da waya. An sayar da babbar wayar, ya koma mai maɓalli. Sannan kawun ya zauna a zaure kwana uku yana karɓar baƙi da kansa, duk mai roƙo ya ji daga bakinsa cewa kuɗi sun ƙare, abin da ya rage kuma ba ya hannun yaron. Cikin mako ɗaya zauren ya koma yadda yake a da.

## Janairu da Fabrairu 2023: me za a yi da ragowar?

Nan aka fi daɗewa, domin malamai biyu da aka tuntuɓa ba su ce abu ɗaya ba.

Limamin unguwa ya ce a fitar da su duka, kada sisi ya kwana. Ba sadaka ba ce, kada ya sa ran lada, rabuwa ce da abin da ba nasa ba. Kada a sa a masallaci ko sayen Alƙur'ani, a zuba a abin da jama'a ke amfana da shi, ko a ba mabuƙata.

Wani malamin zaure mai karantar da fiƙihu ya yarda da wannan asali, amma ya yi tambayar da limamin bai yi ba: idan an fitar da duka, gobe da me zai ciyar da mutum biyar? Ubangidansa ya riga ya ɗauki wani a gurbinsa. Ya kawo maganar da Imam Nawawi ya naƙalto daga Imam Gazali, cewa mai tuba daga dukiyar haram, idan shi kansa matalauci ne, yana iya ɗaukar gwargwadon buƙatarsa da ta iyalinsa. Shawararsa ita ce a ware jari daidai abin da zai tsayar da sana'a, a rubuta shi bashi a wuyansa, ya riƙa biya wata-wata ga mabuƙata har ya ƙare.

"Allah gafarta Malam, to Inna fa? Za ta ci?"

"Wannan ba fatawa ba ce, tsakaninka da ita ne. Amma ka raba gumi da jari, ka ga ko za ta duba."

Ra'ayi na biyu aka bi. Limamin bai sauya nasa ba, har yau yana ganin an yi sassauci, sai dai bai hana ba. An fitar da miliyan 3: miliyan 2.2 aka haƙa rijiyar burtsatse da tanki a ƙarshen layinsu, inda mata ke shan wahalar ruwa a bazara, dubu 800 aka gina bandakuna huɗu a wata makarantar allo. Ba a rubuta sunan kowa a jiki ba, ba a yi taron buɗewa ba. Miliyan 2.5 suka zama jari: hayar shago ta shekara dubu 360, kayan aiki dubu 400, kayan gyara miliyan 1.5, dubu 240 na ko-ta-kwana.

Kawun ya kuma bi bashi. A cikin miliyan 2 da aka ranta, dubu 300 suka dawo, daga mutum huɗu. Sauran wasu sun ce kyauta ce, wasu sun ce ai kuɗin caca ba a binsu bashi. Maganar fili an kai ta gaban lawan, basaraken da ke sama da jauro, aka yi sulhu, wanda ya sayar ya mayar da miliyan 1.2 a biya uku. Waɗannan miliyan 1.5 ba su shiga shago ba, an biya wa marasa lafiya kuɗin magani da su a hankali cikin shekarar.

## Maris 2023 zuwa Disamba 2024: shago

An buɗe shago a farkon Maris 2023, kafin azumi. Gwangwani biyu ne a ƙarƙashin teburin. Na farko kuɗin hannu, wato ladan gyara, daga nan ake cefane. Na biyu kuɗin kaya, daga nan ake sake saro kaya, a kuma cire dubu 50 na bashi duk wata. Yaron shago ke rubutawa, kawun na zuwa duba littafi duk ƙarshen wata idan ya shigo kasuwa.

Lokacin bai zo da sauƙi ba. A Fabrairun 2023 gwamnati ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta kai 840. A ƙarshen Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, fetur ɗin zuwa-zuwa, wato na fasa-ƙwauri daga Najeriya, da 'yan acaban Garwa suka dogara da shi ya yi tsalle. Masu babura suka shiga neman gyara bashi. Dokar da kawun ya kafa ita ce ana iya ɗaga wa mutum ƙafa a kuɗin hannu, kaya kuwa sai an biya. Wasu sun yi fushi sun koma wani wuri. Amma tsadar ta sa mutane lallaɓa tsohon babur maimakon sayen sabo, aiki bai yanke ba.

Wani abu kuma ya taimaka wanda ba dabararsa ba ce. Daga Yunin 2023 naira ta yi ta faɗuwa, sefa kuwa a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Mai riƙe da sefa da ke saro kaya daga Yola ko Kano ya samu sauƙi na wani lokaci, kafin farashin can ya biyo baya.

Wata uku bayan buɗe shago, kawun ya kai wa yayarsa littafin, ya sa jikarta ta karanta mata shafin kuɗin hannu. Ta ce a bar mata ta yi tunani. Ana gobe babbar Sallah ta aika wa surukarta cewa a sa da ita a tuwon dare. Firiji da talabijin dai har yanzu ba ta amfani da su, ruwan randarta take sha.

Sau ɗaya aka san ya zame. A Janairun 2024, lokacin gasar Afirka ta Kodibuwa, ya ba wani yaro dubu 5 ya buga masa a rumfa. Gibin ya fito a littafi a ƙarshen wata, ya amsa da bakinsa. Zuwa Disamban 2024 abin da yake kaiwa gida ya kai dubu 110 zuwa 130 a wata, yana da yara biyu masu koyon aiki. A cikin wata 22 ya biya bashin wata 17, dubu 850 ke nan.

## Abin da lamarin ya nuna

A jerin majalisa, shago ne na ƙarshe kuma yana cikin mafi ƙanƙanta, shi kaɗai ne kuma ya tsaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: shi ne abu ɗaya a jerin da mutumin ya sani ciki da waje. Ba mai sayar masa da jabun fistan, amma an sayar masa da filin wani da mota mai ciwon inji cikin wata uku. Fili da mota sun haɗu sun ci miliyan 7.2 bayan an cire abin da ya dawo, fiye da abin da caca ta ci, kuma duka biyun tambaya ɗaya ga wanda ya sani da ta hana.

A ganina babban kuskuren ba a cikin kashe kuɗi yake ba, barin aiki ne a makon farko. Shi ya sa cefane ya koma cin uwar kuɗi, shi ya zaunar da shi a gida inda masu roƙo za su same shi, shi ya ba shi dogon yini da waya a hannu lokacin da baƙin cikin fili ya zo. Da yana tsugune gaban babur daga safe zuwa magariba, da wuya a ce miliyan 4.1 sun tafi haka.

Rantsuwa, da ba mata kati, da goge manhaja, duk sun faɗi ta hanya ɗaya: shi ya ɗaura, shi kuma ke iya kwancewa shi kaɗai, cikin dare, ba tare da ya kalli idon kowa ba. Asusun sa hannu biyu ya yi aiki ne don kwance shi na buƙatar tafiya Gidar da yi wa kawu bayani. Zaɓen mutumin ma ba ƙaramin abu ba ne. Mata ba ta iya hana shi, aboki yana da nasa buri, ƙane ba zai ɗaga masa murya ba. Kawu yana da girman da zai ce a'a, ba ya cikin magada gidan, bai kuma ci ko sisi ba, shi ya sa da ya ce wa jama'a kuɗi sun ƙare aka yarda.

Raba tukunyar da tsohuwar ta yi bai ceci kuɗi ba. Za a iya cewa ma miliyan 6 na hajji da suka zauna ba aiki su ne suka zama abincin caca daga baya. Amma ba don ita ba, babu alamar zai yarda a fitar da miliyan 4.5 a lokacin da ya fi kowane lokaci buƙatarsu, kuma tsarin gwangwani biyu, wanda ya hana shagon cin jarinsa, don a shawo kanta aka ƙirƙiro shi. Nasarar shagon kuma kada a ɗora ta duka a kan tsari. Faɗuwar naira ta ba shi iska a shekarar farko, wani mai irin wannan jari a wata shekarar zai iya shan wuya fiye da haka.

Akwai abubuwan da ba su warware ba. Malaman biyu na nan kan bakansu game da halaccin jarin. Ginin da ya kai taga yana tsaye a filin wani, mai takardar bai biya kuɗin bulo ba, bai kuma rushe ba. Saura bashin miliyan 1.65, wanda a dubu 50 duk wata zai ɗauki wata 33 idan ba a tsallake ko ɗaya ba. A Oktoban 2024 bakaniken ya nemi a cire sa hannun kawu daga asusun, yana cewa zuwa Gidar duk lokacin sarin kaya na sa shi asarar yini guda. Kawun ya ƙi. Sun tsaya a kan za a sake duba maganar idan bashin ya sauko miliyan 1.